Kujerar Ganin Wata ta Inna Dije

Tun da na dawo daga Rogo ban huta ba. Duk wadda ta gan ni, a islamiyya ne ko a gidan suna, sai ta ja ni gefe. Wai da gaske ne ni Bilki, da girmana da leshina, na hau bayan akori-kura? Wai da gaske ne kujerar nan da itacen da aradu ta faɗa wa aka sassaƙa ta? Sannan tambayar da kowa ta fi so: yaya tsohuwar ta yi da ta hau? Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma ba wadda ta taɓa bari na kai ƙarshe. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, wadda ta sake tare ni in miƙa mata. Roƙona ɗaya, a yi haƙuri da tambayar ƙarshen nan har a zo wajenta.

Ga wadda ba ta sani ba, Ummi 'yar ƙanena ce. Mahaifiyarta ta rasu ba a daɗe da yaye ta ba, aka kawo min ita, a bayana ta girma. Sunanta na yanka Hadiza, sunan kakarta ta wajen uwa, Inna Dije, wadda take zaune a wani ƙauye kusa da Ruwan Bago. Da Ummi ta ce min ƙirar kayan ɗaki za ta karanta a jami'a na yi murna, na ce shi ke nan mun huta da yawon neman kafinta in bikin 'ya'yanmu ya tashi. Ina! Yarinya ta gama karatu ta dawo tana yin wasu kujeru waɗanda sai an rantse miki kafin ki yarda na zama ne. Amma ga shi wasu suna so, har aka gayyace ta wani baje koli a Legas, aka ce kowa ya kawo abin zama guda da zai yi magana a kan mutum da sararin samaniya.

Na tambaye ta me ya haɗa mazaunin mutum da samaniya. Ta ce in lura da jama'a in an yi tsawa: kowa sai ya fara duƙewa, sannan ya ɗaga kai ya duba. Wai halaye biyu ke nan da aka halicci ɗan Adam da su, tsoron da yake durƙusar da shi, da son sani da yake ɗaga masa kai, kuma wai na biyun ne ya kai mutane har duniyar wata. Kujerarta za ta haɗa su duka. Na ce ni dai in aka yi tsawa salati nake yi in shige ɗaki, ba na duba komai.

Sai daga baya ta faɗa min ainihin abin da yake cin ta. Inna Dije, a zamanin da take da ƙarfinta, ita ce mai ganin wata a ƙauyensu. Maza su hau tudu su yi ta ƙura ido, ita tana tsakar gida da taɓarya a hannu za ta ɗaga kai ta nuna shi, ta rangaɗa guɗa, gari ya san wata ya tsaya. Yanzu tsufa ya ranƙwafar da ita, bayanta ya lanƙwashe, ba ta ganin komai sai ƙasa da ƙafafun mutane. Da ƙafa ma take gane baƙo. Ummi ta je gaishe ta bara, tsohuwar ta tambaye ta cikin wasan kaka da jika ko wata yana nan kuwa har yanzu, don ita ta daɗe ba ta ji ɗuriyarsa ba. Kowa ya yi dariya, Ummi ta taho da maganar a ranta. Ga shi idon tsohuwar ma ya fara yana, ba abin a ce sai baɗi ba ne.

Saboda haka kujerar ta Inna Dije ce kafin ta zama ta Legas. An auna ta da lanƙwasar bayanta, yadda in ta jingina fuskarta za ta kalli yamma, sama da kan itatuwa. Shirin shi ne mu ɗauko ta daga wajen masassaƙi a Kafin Dafga, mu kai ta ƙauyen ranar da ake sa ran tsayuwar watan Maulidi, washegari babbar mota ta wuce da ita kudu. Magariba ɗaya ke nan muke da ita. Ƙanena ya ce 'yarsa ba za ta bi dazuzzuka ba sai da babba, kuma duk dangi aka rasa babbar da ba ta da aikin yi sai ni.

Ni kuwa haifaffiyar cikin ganuwa ce, ban taɓa kwana a ƙauye ba. Na ɗauki leshi, na ɗauki takalmi mai tsini, na ɗauki turare kala-kala, na manta da maganin sauro. Muka shiga motar Karaye ta hanyar Gwarzo. Direban ba ya wuce gari bai tsaya ba. Nan ya miƙa wa wani ƙullin magani, can ya leƙa ya tambayi jikin wata, gaba kuma ya jira wani dattijo ya gama alwala. Abin da ya ɗaure min kai, ba wanda ya yi tsaki. A birni da tuni an zage shi tas. Da na yi 'yar mita, matar da ke kusa da ni ta tambaye ni da gaskiyarta ko mara lafiya na baro a gida. Na ce a'a. Ta ce to alhamdu lillahi, ta buɗe bakin zaninta ta zuba min dafaffiyar gyaɗa a hannu, na shiga ɓarewa.

A Karaye muka ci soyayyen kifin dam da yaji, irin wanda ban taɓa samu a Kano ba, sannan aka ce sauran tafiyar sai a babur. Ba zan faɗi yadda na hau ba. Ya isa a ce takalmi mai tsini a jaka ya ƙarasa tafiyar, ni kuma da silifas ɗin da Ummi ta saya min a bakin tasha.

Malam Haladu masassaƙi dattijo ne mai sanyin magana. Ƙofar gidansa cike da turame da akusa da ƙananan kujerun tsuguno irin na girki. Gaisuwarsa kaɗai ta kusa cinye mana la'asar. Ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi damina, ya tambayi gajiya, in na zaci an gama sai ya koma farko. Sannan ya kai mu bayan gida ƙarƙashin wata rumfa ya yaye buhunan da ya rufa.

Gaskiya na tsaya. Gungumen maɗaci ne guda, ba haɗi, ba ƙusa. Ta ƙasa gajera ce mai ƙafafu kamar kujerar tsuguno, sai ta miƙe ta lanƙwasa baya, ta ƙare da wani ɗan gurbi na ajiye ƙeya. In kika tsaya daga gefe sai ki ga kamar mutum ne a tsugune wanda ya ji motsi a sama ya ɗaga kai. Wani baƙin layi ya tsaga bayanta daga sama har ƙasa, a gefensa kuma Ummi ta dasa 'yan ƙwayoyin tagulla a cure, wai taurarin nan ne Kaza da 'ya'yanta. Malam Haladu ya ce shekarunsa nawa da gizago a hannu bai taɓa shan musu irin wanda ya sha da yarinyar nan ba. Ita tana son bayan ya yi siriri, shi ya ce zai tsage. Shi yana son ya goge baƙin layin, ita ta hana. A ƙarshe kowa ya bar wa kowa rabi.

Ummi ta ce in gwada. Na tattare leshi na zauna, na jingina, sai kawai na ji kujerar ta karɓe ni. Kaina ya koma baya da kansa, na ga sama ta gefen rumfar, shuɗiya, da shirwa suna shawagi can nesa. Na rasa yaushe rabon da in kalli sama haka ba don duba hadari saboda shanya ba. Ina cikin haka ɗankwalina ya zame, na tuna akwai namiji a tsaye, ga ni rigingine ƙafa a miƙe. Na yi wuf na tashi ina gyara mayafi. Malam Haladu kuwa tuni ya juya baya yana duban wani turmi da ba abin da ya same shi.

Sai da na tashi na tambayi baƙin layin. Suka kalli juna. Ashe aradu ce ta faɗa wa bishiyar a gonar wani, ta kayar da ita, ta yi shekaru a yashe ba mai ɗaukar ko reshenta don girki. Ummi ta gan ta ta ce ita take so, don lanƙwasar da take nema tana jikinta, kuma itace ne da sama ta taɓa. Na ce Ummi Allah ya shirye ki, a kan wannan kika kwantar da ni? Malam Haladu ya ce in kwantar da hankalina, kafin ya sa gatari sai da ya karɓo sabuwar madara a rugar maƙwabtansa ya kwarara wa gungumen, don haka aka saba kashe zafin aradu tun kakanni. Limaminsu ya ce masa camfi ne. Shi ma ya yarda camfi ne, amma dai ya zuba.

A ɗakin matarsa muka kwana. Ta yi mana tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, ta malala man shanu, ta ajiye ta fita, ba ta dawo ba sai da ta ji mun wanke hannu. Na ce wa Ummi wannan wane irin karɓar baƙi ne, a birni ai mai gida zama take ta taya ki hira. Ta ce a nan girmamawa ce a bar baƙo ya ci a sake. Na ji maganar ta kunnen dama ta fita ta hagu. Da safe na tashi fuska duk cizon sauro, matar ta ba ni haƙuri kamar ita ta aiko su.

Akori-kurar da za ta kai mu Rogo ta zo da hantsi. Ƙarti suka ɗora kujerar da ƙyar. Ummi tana tsoron kar ta kurje, sai ta naɗe ta da bargo, ta rufa farin zanin gado a kai, aka ɗaure da igiya. Gaban motar warin fetur yake, ni kuma ba na jure shi, shi ya sa na koma baya na zauna a kan buhu kusa da kayan. Rana ta buɗe, na ja mayafi na rufe fuska na sunkuyar da kai. Ummi tana ɗaya gefen ta dafa abin da hannu biyu, fuskarta duk damuwa.

Ban lura da komai ba da farko. Na dai ga masu cirar gyaɗa suna miƙewa tsaye in mun wuce, mata suna dafe ƙirji. A iyakar Karaye da Rogo akwai shingen 'yan sintiri, igiya ce a gicciye da 'yan tsummoki. Direba ya gaya mana tun a gida cewa nan za mu sha tambaya a kan itace. Muna isa suka saki igiyar ba wanda ya ce uffan, babbansu ya matso ya ce min Allah ya jiƙan musulmi, Allah ya ba da haƙuri. Na ce amin, na gode. Sai da muka yi gaba na waiga na ga babura suna bin mu a hankali, mutane sun bar aikinsu za su raka gawa.

Na buga wa direba rufi ya tsaya. Ummi ta kwance igiya ta yaye zanin, kunya kamar ta nutse. Aka ƙura wa abin ido, sannan dariya ta ɓarke. Wani ya ce kwalekwale ne, wani ya ce komin shayar da shanu ne aka ɓata. Da aka ce musu kujera ce ta kallon wata, wani tsoho ya zagaya ta ya ce ai kuwa da ya samu irinta da wuyansa ya huta ran duban watan azumi. Alherin abin, da muka zo wani rafi motar ta kafe a taɓo, su ɗin nan masu rakiyar gawa su suka tura mu muka fita. Suka ƙi komawa hannu sake sai da suka cika mana mota da rake, wani ya ƙara min da curin mazarƙwaila wai ta'aziyyar da ba ta yiwu ba.

Bayan azahar muka isa. Gidan Inna Dije gidan Fulani ne da suka daɗe da zama, ga rumbunan dawa, ga garke a bayan gida. Junansu Fulatanci suke yi, in sun juyo gare ni su koma Hausa tsaf. Ɗan Inna Dije, kawun Ummi, shi ne mai gidan, da matarsa Asabe, mace mai fara'a da saurin hannu.

Tsohuwar ta fito dogare da sanda. Na san an ce ta ranƙwafa, amma ban zaci ya kai haka ba. Ta kalli ƙafafun Ummi ta ce takwara ce wannan, har yanzu ba ta koyi sa lalle ba. Da ta zo kan silifas ɗina sai ta ja baya, ta durƙusa can gefe, ta kau da fuska, ta shiga gaishe ni murya ƙasa-ƙasa. Ba ta kama sunana ba ko sau ɗaya. Ta yi min godiyar riƙon marainiya har na rasa inda zan sa kaina. Rabona da ita tun rasuwar 'yarta, kuma ko a lokacin daga nesa muka gaisa. Aka yanka min zabuwa, aka dama fura da nono mai kauri, aka sa ni a ɗakin da ya fi kowane kyau, mai jeren ƙore har rufi, aka ja min labule aka watse.

Na ce a raina wannan baƙunta ba da ni ba. Tsohuwar nan sai na saba da ita yau ɗin nan. Na ɗauki tabarmata na bi ta gindin rumbu na zauna daf da ita, ina ba ta labarin ƙuruciyar Ummi. Na miƙa mata cinyar zabuwa, ta karɓa da hannu biyu ta rufe a ƙwarya. Na miƙa mata ruwa, ta ce yanzu ta sha. Ta matsa, na matsa.

Aka sauke kujerar a tsakar gida, Ummi ta yi ta juya ta har ta daidaita ta da yamma. Ta kamo hannun kakarta ta kawo ta. Inna Dije ta shafa itacen tun daga ƙafa har inda hannunta ya kai, ta ƙwanƙwasa, ta bi 'yan tagullar da yatsa, ta ce Kaza ce wannan, amma an rage mata ɗa guda. Ta tsokani takwararta wai ta je jami'a ta dawo da turmin da ba shi da ciki. Ummi ta yi mata bayani, ta ce yau ake sa ran wata, ta hau ta gwada tun da sauran rana. Tsohuwar ta sa albarka, ta sake sa albarka, ta koma kan 'yar kujerarta ta tsuguno. Aka yi juyin duniya ta ce an gode.

Mu duka muka ɗora laifin a kan direba, don tun kafin a sauke kaya ya gama ba wa gari labarin aradu. Kawun Ummi ya aika aka kawo madara aka sake kwarara wa kujerar, Ummi tana kallo tana cije leɓe saboda man da ta sha shafa mata. Ni kuma na ga lokacina ya yi. Na yi wa tsohuwar wa'azi a kan camfi da tawakkali, wa'azin da ni kaina jiya ban ji shi ba. Don in nuna mata ba komai, na je na haye kujerar a gaban kowa na miƙe ƙafa, ina cewa Inna dubi, ga ni lafiya lau. Ta ƙara kau da kai har ta kusa ba ni baya.

La'asar ta yi, ta wuce. Hadarin da ya taso da rana ya janye, yamma ta washe tas, irin sararin da ake roƙo. Na nemi Ummi na same ta a bayan rumbu tana share hawaye. Ta ce Gwaggo, wata da watanni ina wannan aiki, ko Legas ɗin ma na ji ta fita daga raina. Tausayinta ya kama ni, haushin tsohuwar kuma ya cika ni, don a ganina taurin kai ne kawai.

Asabe ce ta kira ni wai in zo in taya ta tsinkar gyaɗa a bayan ɗaki. Na yi mamaki, don tun da na zo ko tsinke ba su bari na ɗaga ba. Muka zauna muna tsinka. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta yabi leshina, ta tambayi tsadar gawayi a birni, sannan ta rage murya.

"Hajiya, ki yi min afuwa. Inna ba ta tsoron aradu, a daji ta girma a bayan shanu. Ke ce."

Na ce ni kuma? Me na yi mata?

"Ba ki yi komai ba. Ke yayar mijin 'yarta ta fari ce, kuma ke kika goya abin da 'yar ta bari. Ko ruwa ba za ta sha a gabanki ba. Tun da kika zo ba ta sa komai a bakinta ba. To yaya za ta kwanta rigingine, fuska a sama, ƙafa a miƙe, kina kallo?"

Gyaɗar da ke hannuna ta zube. Na tuna yadda na zabura jiya a gaban Malam Haladu, ni da nake ganin kaina wayayyiya. Kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi min ciwo. Na sha rana, na sha sauro, an yi min ta'aziyya da raina, duk don in ga wannan lokaci. Wayata ma na hana kowa taɓawa don kar cajin ya ƙare kafin magariba. Na ce to in shiga ɗaki in ja labule mana. Asabe ta girgiza kai, ta ce muddin ina cikin gidan tsohuwar za ta ji idona a jikinta. Ta ƙara da cewa in kuma tsohuwar ta gane don ita na fita, kunyar sai ta fi ta da, ta kori baƙuwa daga gidanta.

Na wanke hannu na dawo tsakar gida. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce ni fa ban taɓa ganin dawowar shanu daga kiwo ba, ba zan koma Kano ban gani ba, kuma daga can zan leƙa maƙwabta in gaishe su, kar a jira ni sai bayan magariba. Inna Dije ta ce a haɗa ni da mai rakiya, na ce sam, ina so in sha iska. Na bi ta kusa da Ummi na danƙa mata wayata, na ce ta jefa a jaka, ita ma kar ta kuskura ta ɗaga tata. Ta kalle ni, ta kalli Asabe, na ga ta gane. Maza suka fita masallaci, na bi bayansu na karkata wajen garke.

Shanun sun dawo kuwa, da ƙura da kukan maruƙa, amma ba zan ce na kalle su ba. Na samu wani kututture a bakin gonar dawa na zauna, gidan yana bayana, dangar kara ta raba mu. Aka kira salla, na shimfiɗa mayafi na yi, na koma na zauna ina duban yamma. Ni a rayuwata ban taɓa ganin wata ran tsayuwarsa ba. A rediyo muke ji, sai ya kwana biyu ya yi ƙiba sannan in gan shi ta saman katanga. Na duba dama, na duba hagu, ba komai sai jan sama da giginyu biyu a tsaye can nesa.

Daga cikin gida ba motsi. Jan ya fara dusashewa. Na shiga lissafe-lissafe, ko ta sake ƙi, ko ta hau idon ya gaza, ko ma watan sai gobe. Na yi addu'a irin wadda ban yi wa kaina ba da daɗewa, na ce ya Allah kar ka mayar da yarinyar nan da kujerarta haka.

Can sai na ji muryar tsohuwar ta tsallako danga. Ba irin muryar da ta gaishe ni da ita ba ce, wannan a buɗe take, muryar wadda ta saba a saurare ta.

"Ba can ba, takwara. Bi giginyar hagu har kanta. To ɗan matsa dama kaɗan. Kin gan shi?"

Ni ma na bi giginyar hagu har kanta, na matsa dama kaɗan. Ga shi nan, siriri kamar farcen da aka yanke, yana rataye a inda na duba sau ba adadi ban ga komai ba. Sai guɗa ta tashi daga tsakar gidan. Gajera ce, ta karye a tsakiya, ta sake kamawa. Gidan maƙwabta wata ta amsa, can gaba wata ta karɓa, har na ji maza a ƙofar masallaci suna tambayar ta ina, ta ina. Na zauna a kan kututturen nan na yi kuka sosai, ni kaɗai da shanu.

Ban yi saurin komawa ba. Sai da watan ya faɗa bayan itatuwa, na leƙa maƙwabta na gaishe su don kar maganata ta zama ƙarya, sannan na yi sallama da ƙarfi tun daga zaure, na ɗan jira. Na tarar da kujerar ba kowa a kai. Inna Dije tana kan 'yar kujerarta a gindin rumbu, a ranƙwafe kamar yadda na bar ta, sai dai ƙwaryar da ta rufe cinyar zabuwa a buɗe take, ba komai a ciki. Ummi tana gefenta, idanu jajur, tana murmushi. Tsohuwar ta kau da fuska ta yi min sannu da dawowa, ta tambayi yadda na ga shanu. Na ce shanu sun yi kyau, Allah ya ƙara albarka.

"An ce wata ya tsaya," in ji ta.

"Haka na ji, Inna. Allah ya sa mu ga alherinsa."

Washegari babbar mota ta zo ta ɗauki kujerar, wannan karon a cikin buhunan dawa, don na ce ba za a sake yi min ta'aziyya ba. Ummi ta yi wa kakarta alkawarin ana tashi daga baje kolin za ta dawo mata da ita, kuma ta cika, kujerar tana can tsakar gidan tana kallon yamma. Ni ma an ce in riƙa zuwa, na ce zan zo, amma a tsakiyar wata.

To mai tambayar yadda tsohuwar ta yi a kan kujera, ga amsarki: ban gani ba. Ummi ta gani, ta so ta ba ni labari a mota muna dawowa, na ce ta riƙe abinta.